An ce yara su koma makaranta, ni kuma gabana sai faɗuwa yake

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Tunda aka rufe makarantu saboda korona yarana uku suke gida, yanzu kuma an turo saƙo wai a koma. Babbar shekararta 14, na tsakiyan 9 kuma yana da asma, autan 5. Ga mahaifiyata a wurina take zaune, tana da suga da hawan jini. Makarantar sun ce sun yi feshi kuma za a riƙa auna zafin jiki a bakin get. Maigidan ya ce lallai sai sun koma, ni kuma na ce a bari sai cutar ta wuce gaba ɗaya, har mun fara samun saɓani akan maganar. Wallahi idan wani abu ya samu Mama ta dalilin yarana bansan ya zan yi da raina ba. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya raya miki yaran nan. Bari in fara faɗa miki inda na tsaya don kar ki yi ta jira, ni dai a ganina ki bar su su koma. Amma ba wai ki saka musu yunifom ki sauke su a bakin get ki juyo ba, akwai aiki a gabanki kafin ranar, kuma abin da makarantar ta rubuto miki a saƙon nan bai isa ya kwantar miki da hankali ba ko kaɗan. Zan zo kan wannan.

Tsoronki akan hanya yake, mai suga da hawan jini kuma ga shekaru tana cikin waɗanda cutar nan ta fi yi wa illa, duk wanda ya ce miki kina zuzutawa ne bai san abin ba. Inda muka rabu dake shi ne maganar "sai cutar ta wuce gaba ɗaya". Yaushe kenan? Cutar numfashi irin wannan tana yin sauƙi ne ta sake tasowa, ta sake lafawa, babu wani likita da zai iya ba ki rana ya ce daga yau ta tafi. Kinga kenan in wannan kika sa a matsayin sharaɗi to kin rufe wa yaran makaranta har sai abin da hali ya yi, kuma shekarun karatu ba jiran kowa suke ba, musamman autanki da yanzu ne ƙwaƙwalwarsa ke kama haruffa.

Zaman gidan ma yana da nasa hatsarin, kawai dai shi ba ya tari ba ya zazzaɓi shi ya sa ba a ganinsa da wuri. A watan Afrilu na 2020 hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta ƙiyasta ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne rufe makarantu ya shafa a ƙasashe sama da 190, kuma tun a watan ne UNESCO da UNICEF da Bankin Duniya da Hukumar Abinci ta Duniya suka fitar da tsarin yadda za a sake buɗewa, don sun riga sun ga abin da dogon rufewa yake haifarwa. Sun gani a lokacin Ebola. A Saliyo makarantu sun yi kusan wata tara a rufe, sai a Afrilun 2015 aka buɗe, kuma da aka buɗe yara da yawa ba su dawo ba, wasu sun kama neman kuɗi, dubban 'yan mata kuma sun samu ciki a tsakanin. Ba ina cewa haka zai faru a gidanki ba, Allah ya kiyaye, yaranki suna da uwa mai sa ido. Abin da nake so ki ɗauka shi ne yaron da ya daɗe ba ya shiga aji zuciyarsa tana fita daga karatun a hankali, kuma 'yan shekara 13, 14, 15 su suka fi saurin yin hakan. Ki lura da babbar taki, yaushe rabonta da ta ɗauko littafi ba tare da kin yi magana ba?

Toh yanzu maganar feshi da auna zafi. Gaskiya waɗannan biyun su ne makarantu suka fi son tallatawa saboda ana ganinsu da ido kuma suna kyau a hoto, amma su ne mafi ƙarancin amfani. Ajin da ya yi watanni a kulle babu kowa a ciki ƙwayar cutar ba ta zauna akan benci tana jiran yara ba, da mutane take shigowa ranar da aka dawo, feshin da aka yi sati ɗaya kafin nan bai taɓa ta ba. Na'urar auna zafi kuma masu zazzaɓi kawai take kamawa, alhali yara da yawa suna ɗaukar cutar jikinsu bai yi zafi ba, mutum ma yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai, ga kuma iyayen da za su ba yaro farasitamol da safe su turo shi. Wani lokacin ma layin da ake cunkusawa a bakin get ana jiran awon ya fi awon illa. In kuma kika ji suna fesa wa yaran kansu magani a jiki, to wannan ki hana kai tsaye, Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kar a fesa wa mutane irin wannan sinadarin ko ta halin ƙaƙa, yana cutar da ido da fata da numfashi, balle ga yaro mai asma.

Abin da ya fi komai muhimmanci iskar da ke cikin ajin ce. Cutar nan a numfashi take fita, lokacin magana da tari da rera karatu da ƙarfi, kuma tana taruwa ne kamar hayaƙi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, in an buɗe ya fice, in an bar shi kowa na ciki sai ya shaƙa ko yana nesa da wutar. Ga misalai biyu da suka nuna haka sarai. Ƙasar Danmak ta mayar da ƙananan yara makaranta a ranar 15 ga Afrilu 2020, ita ce ta farko a Turai, suka raba yaran rukuni-rukuni ƙanana da ba sa cakuɗuwa, darussa da yawa a waje ake yinsu, ana wanke hannu akai-akai, iyaye ba sa shiga ciki, kuma cutar ba ta tashi ba saboda buɗewar. Isra'ila kuma ta buɗe gaba ɗaya a watan Mayu na 2020, sai aka shiga tsananin zafi na 'yan kwanaki, aka ce yara su ajiye takunkumi, na'urar sanyaya ɗaki na aiki ba tsayawa, ga aji ɗaya ɗalibai 35 zuwa 38. Cikin kwana goma da buɗewa wata sakandare a birnin Ƙudus ta samu ɗalibai 153 da ma'aikata 25 da suka kamu. Duka biyun sunansa an buɗe makaranta, amma kinga yadda sakamakon ya sha bamban.

Shi ya sa nake so ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Kar ki tsaya a ofishin shugaban makaranta a ba ki kujera a yi miki bayani mai daɗi, ki roƙa cikin ladabi a kai ki ajin kowane ɗaya daga cikin yaranki. In kin shiga ki nufi taga ki sa hannu ki tura ta da kanki. Sau da yawa za ki tarar tagar tana nan amma fenti ya liƙe ta, ko an jingina kabad a jikinta, ko an buga ƙusa tun wani lokaci da aka yi sata, ko labule mai kauri ya rufe ta saboda rana. Ki duba ko akwai taga a ɓangare biyu masu kallon juna, don ita iska sai ta samu mashiga da mafita take ratsawa, in gefe ɗaya ne to a bar ƙofa a buɗe. Fanka a ɗaki rufaffe juya iskar ciki kawai take yi, haka ma yawancin na'urorin sanyin da ake maƙalawa a bango, iskar ɗakin suke sanyayawa su maido, ba sabuwa suke shigowa da ita ba. Sannan ki ƙirga bencina ki tambaya yara nawa ne a rajistar ajin, lissafin ba wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya tazarar aƙalla mita 1 ta ba da shawara inda hakan zai yiwu, in yaran sun yi yawa ki tambaya ko za a raba su wasu safe wasu rana, ko wasu yau wasu gobe, ko a fita da wasu darussan ƙarƙashin inuwa a fili.

Daga nan ki wuce banɗaki ki murɗa famfo. Kar ki ji kunyar yin haka, don rahoton WHO da UNICEF na Agustan 2020 ya nuna kashi 43 cikin 100 na makarantun duniya ba su da wurin wanke hannu da ruwa da sabulu a shekarar 2019, kenan ba abin mamaki ba ne a ce taku na ciki. In ruwan bokiti ne ba laifi matuƙar mai famfo ne a jiki ba wanda kowa zai tsoma hannu ba, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin cika shi da ajiye sabulu kullum. Ruwa da sabulu na daƙiƙa 20 ya wadatar. Sanitaiza na cike gurbi ne in ba ruwa, kuma sai mai sinadarin alkohol kashi 60 zuwa sama.

Akwai tambayoyi biyu da iyaye ba su cika yi ba, ni kuma a wurina su ne suke nuna ko makaranta da gaske take. Ta farko, in malami ya tashi da mura ko zazzaɓi ya zauna a gida, ana yanke masa albashi? In ana yankewa to wallahi zai daure ya zo, shi ma iyali gare shi, kuma shi ne mai tsayuwa gaban aji yana ɗaga murya awa da awanni. Manya sun fi ƙananan yara shan wahalar cutar nan, ɗakin malamai inda suke cire takunkumi su zauna hira ma wuri ne da ya kamata a duba tagarsa. Ta biyu, in aka samu wanda ya kamu a ajin ɗanki, wa zai kira ki, kuma cikin awa nawa? Ajin kaɗai za a sallama ko duk makarantar? In suka fara kame-kame ko suka ce miki "insha Allah ba ma za a samu ba", ki ce musu amin, amma dai ki sake maimaita tambayar. Makarantar da ke tsoron sunanta ya ɓaci har ta ɓoye wa iyaye ita ce abin gudu. In yaran motar makaranta suke shiga ita ma ki tambaya mutum nawa take ɗauka kuma gilasai a sauke suke ko a'a.

In kin ga gyara kar ki tafi ke kaɗai kina faɗa, ki nemo iyaye uku ko huɗu ku je tare ta hanyar ƙungiyar iyaye da malamai. Ɓamɓare fentin taga da sayen bokiti da sabulu ba abu ne da zai gagari iyayen aji ɗaya ba, kuma malamai da yawa su ma a tsorace suke, daɗi za su ji wani ya yi maganar.

Takunkumi kuma ba ɗaya ba ne ga yaranki uku. Shawarar da WHO da UNICEF suka bayar a 2020 ita ce ɗan shekara 5 zuwa ƙasa ba a tilasta masa, don ba zai iya riƙe shi daidai ba, ƙarshe ma a baki zai sa ko ya yi musanya da abokinsa. Daga 6 zuwa 11 ya danganta da yadda cutar ke yawo a yankin da kuma ko akwai babba mai lura, 12 zuwa sama kuma kamar manya. Kenan babbar ta saka, ya rufe hanci da haɓa, ki ba ta biyu saboda in ɗaya ya jiƙe da gumi ta canza, a wanke da sabulu kullum. Lokacin guje-guje da motsa jiki a cire.

Mai asman ki kai shi wurin likitansa kafin a koma, ba sai ya tashi ba. Yaran da asmarsu ke ƙarƙashin kulawa, suna shan maganinsu yadda aka tsara, yawanci cutar nan ba ta fi tsananta a kansu ba, hatsarin yana wurin wanda aka daina ba shi maganin kariya don an ga ya kwana biyu bai yi tari ba. Ki duba ranar lalacewar inhelarsa, ki rubuta sunansa a jiki, ta zauna a jakarsa ba a kulle a durowar ofis ba, sannan ki samu malamar ajinsa ido da ido ki nuna mata yadda ake shaƙa masa da alamomin da in ta gani ta kira ki nan take, numfashi da sauri, ƙirji na shiga ciki, kasa ƙarasa magana. Ki roƙa kar a riƙa goge aji da bilic yara na ciki, warin kaɗai na iya tayar masa. Maganar takunkuminsa ki tambayi likitan a wannan zuwan.

Yanzu Mama, wadda na san ita ce ainihin abin da ke hana ki barci. Kariyarta a cikin gida za a gina ta. In da hali ta samu ɗakinta ita kaɗai mai taga a buɗe, in autan a wurinta yake kwana a canza masa wuri na ɗan wannan lokacin, na san zai yi rigima ita ma ba za ta so ba amma a lallaɓa. In sun dawo daga makaranta su wanke hannu da fuska su canza kaya kafin su je gaishe ta, hirarsu da ita kuma a riƙa yi a inda iska ke kaɗawa. Ranar da ɗayansu ya tashi da mura ko tari ko zazzaɓi, ko da kina ganin ba komai ba ne, ba makaranta ba ɗakin Mama, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, a yi gwaji in ana samu, a bi adadin kwanakin da hukumar lafiyar wurinku ta ce. Magungunanta na suga da hawan jini kar su yanke, kar kuma tsoron asibiti ya sa ta daina zuwa ganin likita, sugan da ya hau ba kulawa shi ke sa cutar ta fi kayar da mutum. Riga-kafi in ya samu a inda kuke, irin su Mama ne a sahun gaba, ki yi magana da likitanta a yi mata.

Sannan ki sauke wa kanki wannan nauyin na "ta dalilin yarana". In maigida yana fita aiki, ke ma kina fita, baƙi suna shigowa duba Mama, to ƙofofin da cuta za ta iya bi sun fi ɗaya tun kafin a yi maganar makaranta, kuma in ta shigo ba wanda zai iya nuna ta inda ta biyo. Abin da aka ɗora miki shi ne ki yi iya ƙoƙarinki, kuma ga shi kina yi.

Shi kuma maigida, ku daina jan maganar a matsayin su koma ko kar su koma, a nan ne kowa ke kafewa. Ki ce masa kin amince su koma, amma kina so ya raka ki ku duba ajin tare, kuma tun yanzu ku yi yarjejeniya akan abin da in ya faru za ku dawo da su gida ba tare da sabon musu ba, misali in aka koma rufe tagogi ga cunkoso, in ruwa ya yanke kwana da kwanaki ba a damu ba, in kuka gano an samu mai cutar aka ɓoye, ko hukumar lafiya ta sanar cutar ta yi tsanani a yankinku. In hakan ta faru ku karɓo musu aikin gida daga malamai kuma ku sa ranar da za ku sake dubawa, kar ya zama zama ne ba iyaka. Namiji in aka ce masa zo mu je ka gani ya fi saurin saukowa akan a ce masa bai damu da lafiyar gidansa ba, kuma ina kyautata zaton shi ma ya damu, ta fuskar karatunsu ne kawai ya fi kallon abin.

Akwai wani abu guda da nake so ki sani ba don in tsorata ki ba, don ba kasafai yake faruwa ba. Wasu yara ƙalilan bayan sati biyu zuwa shida da kamuwa, ko da cutar ba ta nuna a jikinsu ba, sukan yi zazzaɓin da ya ƙi sauka kwana uku ko fiye, da jan ido, ƙuraje, ciwon ciki ko amai da gudawa, da kasala sosai. In kin ga haka asibiti kai tsaye, kar a tsaya gwada magani a gida, ana warkewa in an je da wuri.

Sati ɗaya kafin komawa ki fara maido musu da lokacin barci da tashi, don na tabbata ya rikice. Kar kuma ranki ya ɓaci in kika ga na tsakiyan ya manta jadawalin sau ko autan ya manta haruffan da ya iya, kusan duk yaran ajin haka za su dawo, ki roƙi malamai su fara gwada inda kowane yaro ya tsaya kafin su ɗora sabon darasi, in aka yi tsalle aka ci gaba daga inda manhaja ta ce to wanda aka bari a baya a baya zai ci gaba da zama. Autan zai iya yin kuka ya riƙe miki zani a kwanakin farko, wata da watanni yana manne dake, ki yi masa sallama a taƙaice ki faɗa masa lokacin da za ki dawo kuma ki cika. Babbar kuma ki zauna da ita ku biyu ki tambaye ta me take ji game da komawar, ki bar ta ta gama magana kafin ki ce komai. Kuma dan Allah kar ki ce wa ɗayansu "in ka kwaso cuta ka kashe kakarka", ko da wasa, yaron da aka faɗa wa haka ranar da ya ji maƙogwaronsa na ciwo ɓoye miki zai yi, ke kuma abin da kike buƙata shi ne ya zo ya faɗa miki tun da safe kafin ya shiga ɗakin Mama.